Burtalin Namun Daji: Yadda Ake Zana Shi da Yadda Ake Sake Awonsa

A watan Nuwamba na shekarar 2018 an yi wata jigila a ƙasar Nijar wadda ba a saba ganin irinta ba. An kama raƙuman dawa takwas a yankin Kure, gabas da Yamai, aka loda su a babbar mota huɗu-huɗu, aka kai su gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi. Tafiyar ta fi kilomita 800. Ma'aikatan gandun daji na ƙasa ne suka yi aikin, tare da ƙungiyoyi biyu masu kula da namun daji, Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund. A 2022 aka ƙara kai huɗu. Yanzu har an haifi ƴaƴa a can.

Yaro mai wayo zai iya tambaya: raƙumin dawa, da waɗannan dogayen ƙafafu nasa, mi ya kai shi shiga mota? Ai kakanninsa da ƙafa suka yi ta yawo a ƙasar nan.

Amsar ita ce, hanya ta toshe. Idan aka shimfiɗa zare bisa taswira daga Kure zuwa Gadabeji, tsawonsa zai ɗan wuce kilomita 500, kuma zai ratsa ta cikin Adar, kudu da birnin Tawa, wajajen Illela. Duk wanda ya san wannan yanki ya san abin da ke cikinsa: gonakin hatsi da dawa da wake, fadamun albasa, ƙauyuka kusa da juna, kasuwanni, da hanyar kwalta mai motoci dare da rana. Dabba mai tsayin mita biyar ba ta da inda za ta ɓuya a nan.

Abin da tsofaffi suka gani

Adar ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu da kwaruruka masu zurfi, irin kwarin Kaita da na Badagishiri da na Magiya. Idan mutum ya bar Tawa ya nufi arewa maso gabas, ya wuce tabkin Tabalak, sai duwatsu su fara raguwa, gonaki su riƙa yin tazara, har ya shiga Azawak, ƙasar kiwo, inda Abalak da Cintabaradan suke. Ruwan saman Tawa ba ya cika wuce milimita 400 a shekara. A arewa ya fi haka ƙaranci, kuma ba shi da alkawari: bana nan ya samu, baɗi can.

Naman dajin da ke cikin irin wannan ƙasa ba ya zaman wuri guda. A da, akwai barewa da jimina a dajin arewa. Akwai mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ɗauki sunanta. Akwai kuma mariri, mai farin jiki da dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar baka. In damina ta sauka, ciyawa ta tsiro, sai su hau arewa. In rani ya tsananta, tabkuna suka ƙafe, sai su gangaro kudu inda akwai sauran ganye da inuwa. Haka makiyaya, Fulani da Abzinawa, suke yi har yau, lokacin da suke kora dabbobinsu zuwa Ingal lasar gishiri, su dawo bayan an cire amfanin gona.

Abubuwa da dama ne suka taru suka ƙarar da waɗannan dabbobi. Bindiga ta samu, mota mai iya shiga rairayi ta samu, farauta ta zama kisa. A shekarun 1960 aka gina rijiyoyi masu zurfi da famfo mai inji a Azawak, sai garkuna suka riƙa zama duk shekara a wuraren da a da ƙishirwa ke korar su. Fari na 1973 zuwa 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya. Gonaki kuma suka yi ta hawa arewa. A shekarun 1980 aka daina ganin mariri a Nijar. A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta sanar cewa babu shi a dajin duniya baki ɗaya. Waɗanda suke yawo yanzu a ƙasar Cadi, daga gidajen kiwo aka mai da su, tun daga 2016.

Raƙumin dawa ma ya kusa bin sawunsa. An keɓe gandun Gadabeji, mai faɗin hekta 76,000, tun 1955, amma hakan bai hana raƙuman dawa ɓacewa daga can a shekarun 1970 ba. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage na wannan iri na Afirka ta Yamma, dukkansu a yankin Kure da Dallol Boso. Da aka tsaya kan kiyaye su, kafin 2018 sun haura 600.

To, tun da sun yi yawa, mi ya sa ake damuwa da hanya? Manomi ba ya zuba dukkan irinsa a rumbu guda, don gobara ɗaya ta isa. Cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya share garken da ke wuri guda. Ban da haka, ƙaramin garke da ya yanke daga sauran, ƴan'uwa ne za su yi ta barbarar juna, har jini ya raunana. Dole ne jifa-jifa wani namiji ya baro wancan garke ya shigo wannan. Shi ya sa ake neman tsirin ƙasa wanda dabba za ta bi daga wani mazauni zuwa wani, ta samu ci da sha a hanya, ta isa da ranta. Bahaushe yana da sunan irin wannan hanya tun tuni: burtali.

Gidajen dara

Ba wanda zai iya taka kowane taƙi na ƙasa mai faɗin haka da ƙafa. Don haka masana sukan fara da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake ba da hotunan ga kowa. A hotunansu na yanzu, kowane ɗigo ɗaya yana nufin fili mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ɗigonsa mita 10 ne. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, inda ake aiki da irin waɗannan hotuna, ana kuma koyar da aikin.

Sai a raba ƙasar gida-gida, kamar yadda ake haƙa gidajen dara a ƙasa. Kowane gida a duba abin da ke cikinsa: dajin ƙaya ne, ko fako, ko gona, ko gari, ko tabki, ko kwalta. Daga nan sai a ba kowane gida lamba. Wannan lamba ita ce wahalar da dabba za ta sha in ta ratsa gidan. Daji mai aduwa da bagaruwa da magarya, inda za ta ci ta ɓuya, lambarsa ƙarama ce. Tudu mai duwatsu, lambarsa ta ɗan fi. Gona ta fi tudu. Tsakiyar gari kuwa, sai a ba shi lamba mai girman gaske, kamar an gina katanga.

Abin da ya rage lissafi ne. A tashi daga gidan farko, a bi gida-gida har gidan ƙarshe, ana tara lambobi. Hanyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce hanya mafi sauƙi. Sau da yawa ba ita ce mafi gajarta ba. Hausawa ai sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Dabarar gano wannan hanya ba tare da an gwada kowace hanya ɗaya bayan ɗaya ba, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa ta a 1959. Kwamfuta ce ke yin aikin, don gidajen sun fi ƙarfin allo. Yanki mai kilomita 500 tsawo da 200 faɗi, in an raba shi gidaje masu mita 30, ya fi gida miliyan 110.

Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa. Amma ba ita ke zaɓen lambobin ba. Mutum ne ya zauna ya ce gona goma ce, fako uku ne. A nan ne gizo yake saƙarsa.

Aji biyu, amsa biyu

A ɗauka cewa an ba aji biyu aiki ɗaya, wani aji a wata lakwal ta Tawa, wani a Abalak. Ga taswirar da aka ba su, mai layi biyu. A layin kudu akwai tabki a yamma, gandun daji a gabas, da gonaki huɗu a tsakani. A layin arewa akwai gidaje shida: daji biyu, fako biyu, sai kuma daji biyu. Dabba tana bakin tabki, tana son zuwa gandun.

Ajin Tawa ya ba daji 1, fako 3, gona 10. Ga yadda allonsu ya kasance:

1   1   3   3   1   1
T   10   10   10   10   G

Hanyar da ta miƙe ta cikin gonaki ta ba su 10 sau 4, wato 40. Hanyar da ta zaga ta arewa ta ba su 1 da 1 da 3 da 3 da 1 da 1, wato 10. Suka ce burtali ta arewa yake. A kiyaye dajin arewa, a hana saran itace a can.

Ajin Abalak ya yarda da daji 1 da fako 3, amma ya ba gona 2. Miƙaƙƙiyar hanya ta ba su 8, ta arewa ta ba su 10. Suka ce a'a, burtali ta cikin gonaki yake. A je a yi shawara da manoma.

Wa ya yi kuskure? In aka bi lissafin, ba wanda ya yi. Ƴan Tawa damina suke tunani, lokacin da hatsi ya yi tsawo, manoma suna cikin gona tun safe, yara suna korar tsuntsaye da gwangwani. Ƴan Abalak rani suke tunani, bayan an yi girbi, gonaki sun zama fili, gawo kuma ya yi ganye, don shi da rani yake yin ganyensa. Kuma ba tatsuniya ba ce: raƙuman dawan Kure da damina suna hawa tuddai masu kurmin geza da ƙaya, da rani su sauko Dallol Boso, cikin gonakin mutane, wajen gawo. Laifin ajin biyu ɗaya ne. Ba wanda ya rubuta lokacin da yake nufi.

A ƙara ɗauka cewa wata yarinya a ajin Abalak ta ɗaga hannu ta ce: dabba ba soja ba ce, da za ta yi ta tafiya gabas sak ko arewa sak. Tana iya yanke kwana. Sai ta tashi daga tabki a karkace zuwa gidan daji na biyu, ta sauko a karkace cikin gona, ta ratsa gona biyu, ta sake hawa daji, ta faɗa gandu. Jimilla: 1 da 2 da 2 da 1, wato 6. Ga hanya ta uku ta fito daga taswira guda. Manhajojin da masana ke aiki da su suna da wannan zaɓi: ko dabba ta bi maƙwabta huɗu, ko ta bi takwas. In an zaɓi takwas, sukan ƙara wa takun karkace nauyi, tun da ya fi tsawo.

Gidaje goma sha biyu ke nan suka ba da amsa uku. Ina ga miliyan 110?

Sake awo

A kasuwar Tawa, mai sayen hatsi ba ya ɗaukar maganar mai sayarwa cewa buhun nan tiya kaza ne. Yakan sa a juye a sake awo a gabansa. Ba zargin sata ba ne, ƙa'idar ciniki ce. Haka ma a aikin bincike. Wanda ya zana burtali bisa taswira, wajibi ne ya bar wa na bayansa duk abin da zai sake aikin da shi tun daga farko, ba tare da ya zo tambayarsa ba. In na biyun ya bi sawun na farko ya fito kan hanya guda, to aikin ya tsayu. In ya fito wani wuri dabam, akwai abin da ba a faɗa ba, ko kuma akwai kuskure.

Abu na farko da za a rubuta shi ne asalin hoton da ranar da aka ɗauke shi. Hoton Agusta kore ne shar, hoton Afrilu ja ne wur, alhali ƙasa ɗaya ce. Shekara ma tana da nata. Kwarin Kaita ya isa misali. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara a can, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Mutanen yankin, galibinsu mata, suka yi ta jera duwatsu a gangaren tuddai, suna haƙa ramukan tare ruwa, aka gina madatsai, aka dasa miliyoyin itatuwa. A wajajen Illela da Badagishiri kuma manoma suka farfaɗo da fako ta hanyar tassa da rabin wata. Wurin da yake fako a hoton 1984, yau yana iya zama gona ko kurmi. Wanda ya yi aiki da tsohon hoto bai faɗa ba, ya zana hanya a ƙasar da ba ta nan.

Na biyu, girman gida. In gida ya kai kilomita ɗaya, ƙorama mai itatuwa da faɗinta bai wuce mita 50 ba za ta nutse cikin gonakin da ke kewaye da ita, kwamfuta ba za ta san da ita ba. Ga shi kuwa watakila ita ce hanyar da dabba za ta bi.

Na uku yana da ban dariya, amma ya sha ka da mutane. Duniya kamar duma take, takarda kuwa a shimfiɗe take. Don a kwantar da duma bisa takarda sai an yanka shi sala-sala. Tsarin da ake kira UTM ya yanka duniya sala 60, kowace mai faɗin digiri 6. To, layin digiri 6 na gabas ya ratsa ne tsakanin Tawa da Abalak. Tawa tana sala ta 31, Abalak tana ta 32. In wani ya auna wurin wata rijiya a Abalak bai rubuta lambar sala ba, na bayansa ya ɗauka 31 ce, sai rijiyar ta yi tsalle yamma fiye da kilomita 600, ta faɗa ƙasar Mali, wajajen Ansongo.

Sai kuma lambobin wahala, ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta da sunan dabbar da ake nufi. Barewa tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, tana samun laima daga ganye. Giwa ba ta iyawa. Lambar da ta dace da wannan ba ta dace da waccan ba. A rubuta kuma daga ina lambar ta fito: ra'ayin masani ne, ko bakin makiyaya da ma'aikatan gandun daji, ko awon tafiyar dabbar kanta. A ƙarshe a rubuta sunan manhaja da zubin da aka yi aiki da shi, don manhaja tana canzawa daga shekara zuwa shekara. An fi son irin su QGIS, waɗanda kowa ke iya saukewa kyauta daga intanet. Aikin da ba ya sakuwa sai da manhaja mai tsadar gaske, ɗalibin jami'ar Tawa ba zai iya bincika shi ba, ko da a kan ƙauyensu aka yi shi. Mafi kyau duka, a rubuta umarnin da aka ba kwamfuta layi-layi, a ajiye tare da taswirar. Abin da aka yi da latsa nan da latsa can, bayan wata uku shi kansa mai aikin ya manta.

Mai aiki na ƙwarai ba ya tsayawa nan. Yakan yi abin da ajin nan biyu suka yi ba da niyya ba. Ya mai da gona 2, ya duba. Ya mai da ita 5, ya duba. Ya mai da ita 10, ya sake dubawa. Wurin da hanya ta yi ta bi ko yaya aka juya lambobi, wannan wurin abin dogara ne. Wurin da hanya ke tsalle da an ɗan taɓa lamba, sai a yi masa alama, a faɗa wa masu yanke shawara gaskiya.

Kamar ruwa a ƙorama

Hanya mafi sauƙi tana da wani aibi. Layi ɗaya tak take nunawa, kamar dabba ta riƙe taswira a hannu ta san abin da ke gabanta. Wani masani ɗan Amurka, Brad McRae, da abokan aikinsa suka bayyana wata dabara a 2008, suka kuma yi mata manhaja mai suna Circuitscape. Sun ari lissafin yadda wutar lantarki ke bin waya, amma ɗan Adar zai fi gane ta da ruwan sama. In aka yi ruwa bisa tudu, ba hanya ɗaya yake bi ba. Yakan watsu, kowane lungu ya samu rabonsa, mai sauƙi ya samu da yawa, mai wuya ya samu kaɗan. Amma akwai inda duwatsu ke matse shi, duk ya taru ya bi ta maƙogwaro ɗaya.

Irin wannan taswira tana nuna inda hanyoyi suke da yawa, da inda suka matse. Matsatsin shi ne abin tsoro. A fili mai faɗi, in aka yi gona ɗaya dabba ta zaga. A matsatsi, gona ɗaya ko shinge ɗaya ya isa ya raba gabas da yamma.

Gani ya kori ji

Akwai abin da bai kamata a manta ba. Mutum biyu suna iya awo da tiya guda mai lanƙwasasshen gindi, su samu amsa guda, kuma dukkansu a kan kuskure. Sake aiki yana nuna cewa lissafi ya tafi daidai. Ba ya nuna cewa dabba ta yarda. Kwamfuta kuma ba ta taɓa cewa babu hanya, sai in an gina mata katanga. Ko tsakanin Kure da Gadabeji aka tambaye ta, za ta ja layi. Amma hanya mafi sauƙi cikin miyagun hanyoyi ba ta zama hanya mai kyau ba. Sai an dubi jimillar, a tambaya ko akwai dabbar da za ta iya biyan wannan wahala.

Don haka ake komawa daji. A ƴan shekarun nan an ɗaura wa wasu raƙuman dawan Nijar ƴar na'ura a ƙaho, mai aiki da hasken rana, wadda ke aiko da wurin da dabba take ta hanyar tauraron ɗan'adam. In aka zuba waɗannan ɗigogi bisa taswira, sai a ga ko sun bi layin da aka zana. In ba su bi ba, dabba ce ke da gaskiya. Sai a gyara lamba, a rubuta ranar gyaran da dalilinsa. Ana duba sawu da kashi a bakin tabki. Ana zama da makiyaya, don wanda ya kwana arba'in a daji da shanu ya san ƙoramar da ke riƙe ruwa har watan Janairu, abin da hoto ɗaya ba zai faɗa ba.

Makiyaya suna da hannu a wannan magana ta wata fuska kuma. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, masu shata burtali da kafa masa turaku. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Filin da waɗannan dokoki suka hana nomewa, shi ne mafi yawan filin da ya rage wanda naman daji zai iya ratsawa a arewacin Adar da Azawak. Sai dai burtalin shanu ba lalle ne ya zama burtalin barewa ba. Akwai karnuka, akwai mutane, akwai cututtukan da ke tsallakawa daga dabbar gida zuwa ta daji. Wannan ma lamba ce da za a auna, kada a ɗauke ta a ka. A shekarun 2010 gwamnatin Nijar, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da wani shiri na burtalin namun daji tsakanin Gadabeji, Termit da Abzin, kuma duk ƙasar da ke tsakanin wuraren nan uku ƙasar makiyaya ce.

Layin da aka ja bisa taswira ba wasa ba ne. Saboda shi ana iya ce wa wani manomi kada ya faɗaɗa gonarsa, ko a hana wani ƙauye saran itace a kurmin da ya saba. Mutumin da za a taɓa abincinsa yana da haƙƙin ya ce a sake awo a gabansa. Amma akwai abu ɗaya da ba a bazawa a kasuwa, shi ne ainihin wurin da dabba mai wuyar samu take kwana. Mafarauci ma yana iya karanta taswira. Irin wannan bayani akan ajiye shi wurin hukuma, a ba mai bincike da izini, abin da za a nuna wa kowa kuma a dusashe shi, a faɗi yanki ba a faɗi gindin itace ba.

Aiki a filin lakwal

A haƙa gidaje 30 a ƙasa, biyar sau shida, kamar na dara. A sa tsinken ƙaya a gidajen daji, tsakuwa a gidajen fako, kara a gidajen gona, ɓallin tukunya a gidan gari. A zaɓi dabba ɗaya da lokaci ɗaya na shekara. Aji ya yi shawara ya ba kowane irin gida lambarsa, ya yanke ko dabba tana iya tafiyar karkace, ya nemo hanya mafi sauƙi daga kusurwar kudu maso yamma zuwa ta arewa maso gabas. A rubuta komi a takarda, ban da hanyar da jimillarta. Sai a share sawu, a kira aji na kusa, a miƙa musu takardar, kowa ya yi shiru har su gama.